Tambari Baduku da Uwayen Tumtum

Kakana na wajen uwa, Tambari Baduku na Ƙofar Dundaye, gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa jajaye kamar wanda ya kwana da lalle. Ba lalle ba ne, karan dafi ne, rinin da dukawa ke jan fata da shi. Ya kama fatar hannunsa tun yana yaro, har sabulu ya gaji ya haƙura. Ni Bawa, jikansa na fari, tun ina ƙarami nake kiransa Amarya saboda hannuwan nan. Shi kuma Ɓarawon Mata yake ce mini, wai ina fakon in ƙwace masa kakata Lantana. Tsakanin jika da kaka babu shari'a, don haka na ci karena babu babbaka.

Sana'arsa tumtum, matashin nan na fata mai zagaye da ake cusa wa audugar rimi a zauna a kai ko a kishingiɗa. Dukawa da yawa na yin tumtum a Sakkwato, amma na gidanmu ko daga nesa ka hango shi ka san shi: tauraro mai tsini takwas a tsakiya, ganyaye takwas sun kewaye shi, kowane ganye ya kwanta tsakanin tsini biyu kamar an haife shi a wurin. Ka zauna a kai shekara da shekaru ba ya karkacewa. Wani attajirin goro ya taɓa gaya wa Kaka cewa ya ga irinsa a wani gida a Kumasi, ya gaida shi kamar ya ga ɗan'uwa.

Sirrin kuwa ba a wuƙa yake ba. Akwai wasu ma'aunai guda huɗu da uban Kaka ya yanka daga ƙirgin raƙumi, busassu, ƙwarara kamar katako, sun yi baƙi saboda shan hannu. A kansu ake ɗora wuƙa a fitar da kowane yanki na fata. A gidanmu uwaye ake ce musu, don su ke haihuwar tumtum. Akwai uwar tauraro, da uwar ganye, da uwar bango wadda ake yanka gefe da ita, da uwar gindi mai zagaye kamar faifai. An zura musu igiya ɗaya, ana soke su a cikin azarar zaure, saman inda Kaka ke zama. Ni kaina sai da na fara gemu ya bari na taɓa su, shi ma sai da ya sa na wanke hannu.

Kaka ya koya wa yara da dama aikin nan, kuma yana da wata al'ada da ta sa aka daɗe ana ce masa marowaci. Ranar da zai yaye yaro, wato ya sallame shi ya je ya buɗe nasa wurin, sai ya sa a dafa fura, a yi addu'a, sannan ya yanko masa kwafin uwa ɗaya tak. Wannan ya samu bango, wancan ya samu gindi, wani ganye. Mai son yin tumtum irin na gidanmu sai ya taka zuwa wurin 'yan'uwansa na aiki ya aro sauran. Tauraro kuwa bai taɓa ba kowa ba. Duk mai buƙata sai ya zo zaure ya durƙusa ya gaida shi, ya yanka a gabansa.

Na taɓa tambayarsa, "Amarya, ƙirgin raƙumi tsada garai, ko kuwa hannun na ba ya buɗewa?"

Ya ce, "In na ba kowa duka, wa za ya ƙara sanin ƙofar wani?"

Na ce wannan dabarar marowata ce. Ya jefe ni da guntun fata.

Sai ga zamanin kuɗin mai. Soja na mulki, an ƙara wa ma'aikata albashi, gari ya cika da babura da rediyoyi, duk inda ka juya tifa na zubar da yashi. Masu hali suka koma sayen kujerun kushin, tumtum ya fara komawa ɗakin tsofaffi. Kawuna Gambo, ɗan Kaka na biyu, wanda tun farko bai iya riƙe basilla, allurar dukawa, ba, ya samu kwangilar kai yashi da tsakuwa inda ake gina gidajen ma'aikata, nan da nan ya yi kuɗi. Ni kuwa na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ba korata aka yi ba, benci ne bai karɓe ni ba. Na taɓa kamasho a tasha, na sayar da tikiti a silima, na koyi gyaran rediyo har na kashe guda biyu. Abin da ya zauna a hannuna shi ne babur ɗin Kawu Gambo, ina kai masa saƙo.

Cikin wannan hali wasu mutane daga wata ma'aikata suka zo zaure. Suka ce za a yi babban bikin al'adu a Ikko, ana tara kayan hannu na jiha, suna son tumtum biyu na Tambari, ja da kore, kafin motar kaya ta tashi. Kaka ya gyara hula, ya dubi maƙwabta da suka taru a ƙofa, ya ce, "In sha Allahu." Ranar har kasuwa ya zaga ba tare da yana da abin saye ba.

Amma yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ma ya fara hazo. Kawu Gambo ya nace a fara kai shi Kano a yi masa aiki, ya dawo ya yi tumtum da ido sabo. Aka sa shi a mota shi da babban ɗansa. Motar ba ta gama fita gari ba Kawu ya kawo magina. Niyyarsa mai kyau ce: ya rushe tsohon zauren ƙasa, ya yi wa ubansa na siminti da rufin kwano, tsoho ya dawo ya ga abin mamaki. Kuma ya gani.

Ranar da ya dawo, ido ɗaya a naɗe da bandeji, ya tsaya a ƙofar sabon zaure ya daɗe. Bango fari fat, ƙasa sumul kamar faranti. Kawu na gefe yana murmushi yana jiran albarka. Kaka ya ɗaga kai sama, ya ga kwano da katako, babu azara ko ɗaya.

Ya ce, "Gambo, ina uwaye?"

Kawu ya ce, "Waɗanne, Baba? Duk kayanka na ɗakin Inna. Wuƙaƙe, basilla, allon yanka, ba abin da anka bari."

"Na cikin azara."

Murmushin Kawu ya tafi. Aka shiga nema. Muka zazzage ɗakin Lantana, muka duba rumbu, na hau tulin tsohuwar azara da aka jingine a bayan gida, kunama ta kusa yi mini sannu da zuwa. Aka kira shugaban maginan, ya ce i, ya tuna, wasu busassun fatu sun faɗo da aka ɗaga rufi, yaransa suka jefa su kan tarin guntaye da ke bayan ƙofa.

Lantana ta dafe ƙirji. Tarin guntayen nan yana da mai shi. Tun zamanin uban Kaka, duk ragowar ƙirgi da ta fita daga gidanmu ta masu tandu ce, kyauta, ba a ko tambaya. Sukan jiƙa ta, su kirɓa, su shafa a jikin ƙirar laka, ta bushe ta zama tandun zuba mai ko kwalli. Abdullahi mai tandu ya zo kamar yadda ya saba, ya yi sallama, Lantana ta amsa daga ciki ta ce ya kwashe, kamar yadda ta saba.

Gidan Abdullahi ba nisa. Muka same shi a tsakar gida tsakanin tukwane masu wari. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya nuna wata tukunya da hannu. Kaka ya naɗe hannun riga ya zura. Abin da ya ciro ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Tsini ɗaya kawai ya rage da kamanninsa, da ɗan hujin da igiya ke bi.

Abdullahi ya ce, "Wallahi Baba Tambari, da na san..."

Kaka ya mayar da abin cikin tukunya, ya ce, "Haƙƙinka ka ɗauka. Allah shi sa albarka ga tandun."

A hanya na ga shirun ya yi yawa, na ce, "Amarya, da mun karɓo, a sa yaji da albasa, ai ganda ta samu."

Bai ce mini Ɓarawon Mata ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

A gida kowa ya kawo tasa. Lantana ta ce a farke tsohon tumtum ɗin ɗakinta a auna da shi. Kaka ya ce fatar da aka cusa wa rimi aka zauna a kai ta miƙe, ba ta faɗin gaskiya, in ka auna da ita sabon zai karkace kamar hular mashayi. Na ce to ya yanka sababbi da ka. Ya ce ubansa ne mai wannan idon, shi bai taɓa buƙata ba, yanzu kuwa ko zare sai an zura masa. Kawu Gambo, wanda tun rana bai iya haɗa ido da kowa ba, ya ce zai je ma'aikatar ya ce tsoho ba lafiya, su nemi wani baduku.

Kaka ya ce, "Gaban mutane nic ce in sha Allahu. Ka je ka ce masu mi? Tambari na nan, uwayen ubanai na cikin tukunya?"

Washegari da hantsi Illo ya zo yi masa sannu da dawowa. Illo na cikin yaran da Kaka ya yaye da daɗewa, yana da rumfa a kasuwa, ga shi da furfura amma har yau a durƙushe yake gaisuwa. Ya ji labari, ya tashi ya fita. Na ce wa Lantana, "Kin ga mutanen yanzu, ko Allah shi kyauta babu." Ban rufe baki ba sosai sai ga shi ya dawo da abu a ƙunshe a tsumma. Ya buɗe a gaban Kaka. Uwar bango ce, wadda aka ba shi ranar yaye.

Kaka ya shafa ta daga wannan baki zuwa wancan, ya ce, "Ba ka bari ta tanƙware ba."

Illo ya ce, "Ƙaƙa zan bari, Baba? Gindi na wurin Maigandi, unguwar Minanata. Jiya ma na aro ta na maida."

Aka tura ni. Maigandi, wani dogo mai yawan dariya wanda shi ma yaron Kaka ne, bai yarda ya ba ni ba. Ya ce uwa ba ta hawa babur da mahaukaci ita kaɗai. Ya rufe rumfa ya hau bayana, yana rungume da ita kamar jariri.

Saura ganye. Mutum uku Kaka ya taɓa ba ganye. Ɗaya ya rasu, kayansa sun watse. Ɗaya ya bi fatauci kudu, ba a san inda yake ba. Na ukun kowa a zauren ya san shi, ba wanda ya so ya fara faɗa.

Jibrin ne. Shi ne mafi hannu a duk waɗanda suka zauna gaban Kaka, ɗinkinsa kamar tafiyar tururuwa. Bayan yaye ya buɗe shago a unguwar Gawon Nama, da motoci suka yawaita ya koma ɗinka rigunan kujerun mota da leda. Wannan Kaka ya haɗiye. Abin da bai haɗiye ba, wata rana Jibrin ya yi tumtum na leda mai ƙyalli da uwar ganyen da aka ba shi, ya kawo da murna ya nuna. Kaka ya ce Jibrin ya sa uwar ganye ta haifi roba, kada ya ƙara taka masa zaure. Tun ranar sai dai su haɗu a jana'iza, a yi musafaha a wuce.

Illo ya yi gyaran murya ya ce, "Ko an samu ganye, Baba, tauraro fa? Ba wanda kab ba."

Kaka ya ce, "A samu ganye tukuna." Sannan ya juyo da idon da ya rage wajena. "Kai, Ɓarawon Mata. Tada abin nan naka."

Maigandi ya ce a bari shi ya je. Kaka ya ce wanda ya rufe ƙofa shi ke buɗe ta.

Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya wuce jaki da motar Kano ba, ga shi a bayana, ya damƙe mini ciki da jajayen hannuwan nan har numfashi na yi mini wuya. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati. A wata mahaɗa soja ya ɗaga mana hannu, ya dubi tsoho da bandeji, ya dube ni, ya ce in tafi a hankali da Baba. Na ce, "Ranka shi daɗe, amarya ta, gidan miji za ni kai ta." Kaka ya mintsine ni, sojan ya kore mu yana dariya.

Shagon Jibrin na warin gam, leda ja da baƙa a nannaɗe har rufi. Yana kan keke yana ɗinki. Da ya ga wanda ke saukowa daga babur, ƙafarsa ta tsaya. Ya fito ya durƙusa a cikin ƙasa.

"Baba. Ƙaƙa ido?"

"Ido ya gode Allah. Tashi, kana tara mani mutane."

Bai tashi ba. Kaka ya tsaya yana kallon ledar nan kamar mai kallon abin da kare ya kawo. Na ga in an bar su za mu kai la'asar, na ce, "Jibrin, uwaye sun zama tandu. Ganye muka biɗa."

Jibrin ya shiga ciki. A saman keken ɗinkinsa akwai ƙusa, a jikinta wata 'yar jakar fata, fata ta gaske, ba leda ba. Ya ciro uwar ganye. Tana sheƙi, an sha shafa mata man shanu. Ya miƙa da hannu biyu.

Kaka ya juya ta, ya sunsuna, ya ce, "Ka ƙara sa ta ga roba?"

"Tun ranar ba ta taɓa komi ba, Baba."

"Shi ma laihi na. Uwa ba ta zama ba haihuwa." Ya miƙa masa ita. "Riƙe abinka. Hannunka nika so, idona ba ya ganin layi. Ka taho."

Jibrin ya sunkuyar da kai. "Kai kac ce kar in ƙara taka zaurenka."

Kaka tsoho ne da bai taɓa janye magana ba, ga mutane sun fara tsayawa. Na ce, "Wane zaure? Wancan Kawu Gambo ya aika shi lahira. Wanga na siminti na, ba a yi rantsuwa bisa gare shi ba."

Kaka ya ce, "Ka ji ɗan banza. Makaranta ta ƙi shi, ya zama alƙali." Amma ya juya ya nufi babur, Jibrin kuma ya jawo ƙofar shago.

Abin da aka yi a zauren da yamma, na so a ce duk Ƙofar Dundaye ta gani, kuma rabinta ta gani. Kaka ya sa aka shimfiɗa sabon ƙirgin raƙumi da Kawu Gambo ya zaga gari ya samo. Ya ce Maigandi ya ɗora uwar gindi ya zana zagaye, don faɗin gindi da faɗin sama ɗaya ne. Ya ce Jibrin ya yanko ganye takwas daga kwali mai ƙarfi. Sannan ya durƙusa da kansa, yana laluba da yatsu, ya jera ganyayen a bakin zagayen, kafaɗar wannan na taɓa kafaɗar wancan, har na takwas ya haɗu da na farko.

Ya ja baya ya ce, "Illo, mi kag gani tsakiya?"

A tsakiyar ganyayen, inda ba a sa komai ba, ga tauraro mai tsini takwas kwance a kan ƙirgi.

Illo ya ce, "Ashe yana hannunmu."

Kaka ya ce, "Ba ya hannun kowa. Sai kun taru."

Jibrin ya bi layin da tsinin basilla. Kaka ya bi bayansa da ɗan yatsa, yana cewa a ƙara faɗin ƙwayar dawa saboda bakin ɗinki, nan an ci, nan an bari. Da aka yanke ya ɗaga ta, ya shafa tsini ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya buga tafin hannu a ƙasa ya ce wa Kawu Gambo, wanda ke raɓe a bakin ƙofa, "Daɓenka ya yi. Da bisa tsohon na, da ganyen sun zame." Kawu ya fita da sauri, wai zai duba tifa.

Su huɗu suka yi tumtum ɗin, ja da kore. Ni aikina sayo fura da korar yara. Ranar da motar kaya ta zo, Kaka ya hana a jefa su sama da sauran kaya, sai da direba ya sa su a gaba kusa da shi. Na bi motar da babur har bayan gari ina yi mata ham, kowa na gani na gaya masa na kakana ne, Ikko za su.

Yanzu yana nan a zauren siminti, yana mitar zafin kwano. An cire bandeji, idon dama ya buɗe, har yana ganin laifina daga nesa. Sababbin uwaye, da aka kwafo daga na yaransa, na rataye a ƙusa inda kowa ke ganinsu. Jibrin bai bar leda ba, amma duk Juma'a bayan masallaci yana nan da basilla. Lantana kuwa, in Abdullahi ya zo kwasar guntaye, sai ta fito da kanta ta tona tarin da sanda kafin ta ce ya ɗauka.

Abdullahi ya kawo tandu ɗaya babba daga tukunyar nan, ya ce ba ya iya sayar da shi. Kaka ya karɓa, ya zuba man shanu a ciki, da shi yake shafe sababbin. Na ce in ya tashi rabon gado a ba ni tauraro, tunda ni na yi shari'ar da ta kawo shi. Ya ce in fara koyon zura zare. Na ce to a ba ni Lantana. Ya ce in miƙo masa tandu, kuma in wanke hannu tukuna.